Waƙoƙin da Na Zaɓa wa Jan-baki

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Na kan ɗauki biro in ajiye, don ina tsoron wani a garinmu ya karanta ya gane ni, ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Amma abu ne da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah, kuma akwai tambayar da nake so in yi a ƙarshe.

Ni manomin shinkafa ne a tsakanin Kura da Bunkure. Duk wanda ya san noman nan ya san idan shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, babban abokin gabarta shi ne jan-baki, ɗan tsuntsun nan da ke zuwa kamar hadari. Da can gwangwani muke ɗaurewa a igiya muna ja. Sai wata shekara aka shigo da sabon yayi: kowa ya sayi ƙaramar sifika mai memori, ya rataya a sanda a tsakiyar gona, kiɗa ya yi masa gadi. Nan da nan aka fara sanin gonaki da waƙoƙinsu. Mai tafiya a bakin kanal, magudanar ruwan noma, yana ji zai ce, wannan gonar wane ce.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Gonata tana bakin hanya, kuma ta nan surukina yake wucewa kan kekensa duk ranar kasuwa. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya ce mini abin da ya wuce amsa gaisuwa ba. Na ce a raina, duk abin da ya fito daga sifikar nan, ni ne. Dole ya nuna mutum mai natsuwa da kunya.

Na tafi Kura wajen mai tura waƙa a memori. Ya ce, "Malam, in zuba maka irin na kowa?" Na ce a'a, sai na saurara. Karatun Alƙur'ani ban yarda in kunna wa tsuntsu ba. Wa'azi kuma na ji tsoron a ce na mayar da malamai dodon gona. Waƙa mai ganga na ce a cire, ta yi kama da ta 'yan tasha. Ta soyayya na ce a cire, kada a ce ina neman ƙarin aure. Haka muka yi ta yi har mutumin ya dafe kai ya ce, "Malam, wai tsuntsu za ka kora ko zance za ka?" Daga ƙarshe na tashi da waƙoƙi masu sanyi, na nasiha da haƙuri da biyayyar iyaye, muryoyi a hankali kamar ana lallashin jariri. Na koma gida ina jin daɗi, na samu abin da ya yi kama da ni.

Kuma gaskiya an yaba. Sai dai masu yabon ba mutane ba ne.

Da hantsi jan-baki suka taso daga yamma. Suka nufi gonar maƙwabcina, kiɗan dambe ya watsa su. Suka gwada ta gaba, ihu ya kore su. Sai suka karkato suka sauka a tawa, a hankali, kamar waɗanda aka aika wa goron gayyata. Da idona na ga wani ya zauna a kan sifikar kanta yana gyara fiffike, mawaƙin kuwa yana ta ba shi shawara ya yi haƙuri da duniya.

Maƙwabcin nawa, wanda ya girme ni, ya tsaya kan iyaka yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ƙanena, Allah ya saka maka. Mu muna kora, kai kana saukar baƙi!"

Duk da haka na ƙi canzawa, na koma jan gwangwani ina gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sai da maiɗakina ta murza zangarniyar da na kawo gida ta ga ƙaiƙayi zalla, ta ce, "Malam, mutuncin za mu dafa wa yara bana?" Wannan gonar ce kaɗai abincinmu.

Washegari na karɓi aron memorin maƙwabcina. Ranar kasuwa ce. Akwai wata waƙa a ciki, ganga kamar za ta fasa ƙirji, wani yana kirari da muryar da ta dishe, ana harba bindiga a tsakani. Na kunna, tsuntsaye suka tashi kamar an watsa musu wuta. Ina juyowa sai ga surukina ya sauke ƙafa daga keke. Na durƙusa, ina fata ƙasa ta tsage. Ya kasa kunne yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ashe kana da jini a jika. Ƙaro mana sauti." Ya zauna a bakin kanal har ta ƙare, ya ce a sake. Ashe a ƙuruciyarsa ba ya fashin kallon dambe.

Rabin shinkafar na tsira da shi. Har yau ana kiran wurin gonar mai ganga, kuma babu mutum ɗaya da ya tuna waƙoƙin da na wahala wajen zaɓa. Na koyi cewa abin da ka shirya don a san ka da shi, ba lalle shi za a gani ba, kuma gona shinkafa take nema, ba shaidar hali ba.

Memorin ya faɗa kanal daga baya, mai tura waƙar nan na Kura, wanda shi ya zuba wa maƙwabcina, kuma ya koma birni. Waƙar ba ta da suna a ciki, lamba ce kawai. Don Allah duk wanda ya gane ta daga yadda na kwatanta, ya sanar da ni inda zan same ta. Surukina yana tambayata duk ranar kasuwa, kuma shinkafa ta kusa fitar da kai.