Gangunan Rariya

Tun yana ɗan ƙarami hannuwansa ba su san zama ba. In aka aike shi da kwano gidan maƙwabta, tun daga nesa ake jin tahowarsa, yana tafe yana kaɗa murfin. A makaranta tebur ya sha wuya, a gida kuwa bokiti da gwangwanayen madara. Daga nan aka laƙaba masa Gwangwani, sunan kuma ya bi shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Bai zama makaɗi ba. Mahaifinsa ya duba ya ga hannun da ba ya zama gara a ba shi abin yi, sai ya kai shi wurin mai gyaran rediyo. Allah ya taimaka, yatsun suka dace da aikin. Ya iya narka dalma, ya iya bin waya har ya gano inda ta tsinke, ya kuma samu kunnen da ke jin ciwon rediyo tun kafin a kwance ta. Da ya kawo ƙarfi ya yi aure, ya kama haya a wani tsohon bene: shago a ƙasa ta bakin titi, ɗakuna biyu a sama. Matarsa tela ce, tana da rumfa a kasuwa. A ɗakunan nan suka haifi 'ya'yansu, a nan suka yi renonsu har suka watse neman na kansu. Tana son gidan kamar ita ta gina shi, musamman tagar da rana ke shigowa da safe, inda ta jera tukwanen furanninta.

Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, tana zaune a ƙasa ta baya, daidai ƙarƙashin ɗakinsu. Ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya ajiya, kuma barcinta na rana ba abin wasa ba ne.

Zama ya yi daɗi har ranar da wani otal ya rufe, aka kira Gwangwani ya kwance lasifikoki, aka ce ya kwashe tarkacen da ke bayan dandamali in yana so. Cikin tarkacen akwai ganguna irin na zamani, waɗanda mutum ke zama a tsakiyarsu ya yi ta duka da hannu da ƙafa. Ya hau da su sama baki har kunne. Kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya ɗan taɓa, ɗan taɓawar da ake ji har bakin titi. Inna ta yi haƙuri shekara da shekaru, ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta zunguri rufi da sandar tsintsiya, shi kuwa ya ɗauka tafi take yi masa. Ran da madubinta ya zamo daga bango ya tarwatse, ta aika aka kira shi.

"Ɗan nan, ni ba mai yawan magana ba ce," in ji ta, bayan ta yi masa tatas. "Ko gangunan su bar gidan nan, ko ka kawo mini makullina. Zaɓi ɗaya."

Ya zaɓa. Ya kai gangunan wata makaranta ya ba su kyauta, ya dawo jiki a sanyaye. Abin tausayi, abin dariya: mutum da gemunsa ya koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abinci ba ya masa daɗi. Yatsun kuma ba su ji an yi sulhu ba, suka koma kan faranti, kan murfin rediyon mutane, har kan kafaɗar matarsa in ta zauna kusa.

"Malam, ni fa ba ganga ba ce," takan ce, ta ture hannun.

Wata rana a shago ya kwance wani mataccen agogon ƙararrawa, ya ciro ɗan faifan tagullar nan mai yin tsit-tsit in lokaci ya yi. Don wasa kawai ya jona wayoyinsa a lasifika, yatsansa kuma ya yi halinsa, ya ƙwanƙwasa. Lasifika ta ce tum. Ya sake, ta sake. Ya tsaya yana kallon faifan, can ya yi wata dariya har mai jiran talabijin ɗinsa ya ja da baya. Ashe abin da ke yin ƙara in an ba shi wuta, shi ne ke ba da wuta in an buge shi. To in haka ne, ai za a iya yin gangar da muryarta ke bin waya, ta wuce kai tsaye cikin kunnen mai ita, ba tare da kowa ya ji ba.

Daga ranar gidan ya shiga uku. Rariyar matarsa ce ta fara ɓata, sai ta biyu. Ya cire ragar ƙarfen, ya yanko tsohon gidan sauro ya ninka, ya ɗaure shi tamau a bakin katakon, ya sa ɗan soso a ƙasa, ya manna faifan tagulla a jikin soson. In ka daka da sanda, ba ka jin komai sai ɗan taf. Murafen tukwane ya lulluɓe da robar cikin taya, suka zama farantan da ke yin cas. Ya haɗa bututun ruwa na roba ya yi musu abin ratayawa. Muryar kuwa a cikin wani fiyanon wasan yara ya samo ta, wanda aka jefar don maɓallansa sun karye, amma akwai sautin ganguna a cikinsa. Ya zauna da tabarau a karan hanci yana bin layukan allon lantarkin da ke cikin fiyanon ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin dalma na shiga masa ido, har kowace rariya ta samu muryarta.

Saura babbar ganga ta ƙafa. Ya daɗe yana zagaya tsohon keken ɗinkin matarsa da ke jingine a lungu, yana shafa matakin ƙarfen.

"Na ga idonka," ta ce. "Ɗauka. Amma ka sayo mini rariya, don ba zan tankaɗe gari da hannu ba."

Da aka gama, ya kifa hedifon a kunnuwa, ya ɗaga sanduna. Abin da ya ji ya fi gangunan otal daɗi. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya sauka ƙasa ya yi wa Inna albishir cewa ya ƙera gangar da ba ta da murya, daga yau ko sauro ya fi shi ƙara. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce Allah ya sa.

A nan ne sana'a ta yaudare shi. Mai gyaran rediyo abin da ya fito ta ƙarshen waya kawai ya sani. Duk gwajin da Gwangwani ya yi, da hedifon a kunne ya yi shi, bai taɓa tambayar kansa abin da ke fita ta wani wurin ba. Matakin keken ɗinki kuwa ƙarfe ne mai nauyi, yana zaune a kan siminti, simintin kuma shi ne rufin ɗakin Inna. Matarsa ba ta nan a lokacin, tana kasuwa, balle ta faɗa masa.

Ba a yi mako ba saƙo ya zo: su fara neman wani gidan.

Matarsa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta je bakin taga ta tsaya tana cire busassun ganye daga furanninta. Shi kuwa sai rantsuwa yake yi, wallahi abin ba ya ƙara, tsohuwa ce kawai ta sa masa ido. Can ta juyo.

"Sauka ka zauna a ɗakinta. Ni zan taka maka."

Ya sauka da sallama, ya roƙi Inna ta ba shi aron kujera. Ta nuna masa bakin gado da haɓa. Bai gama zama ba aka fara: dum, dum, dum, kamar ana fasa dutse a kan rufin. Kofuna suka kama rawa a cikin kabad, ƙwan lantarki na lilo, wani ɗan garin fenti ya sauko masa a gwiwa. Kunya ta rufe shi. Wannan fa ƙafar matarsa ce, wadda ba ta kai rabin tasa nauyi ba.

"Inna, haka kike ji?"

"A'a, yau ai da sauƙi. Naka har haƙorana ke amsawa."

Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya roƙi ta ba shi dama ta ƙarshe. Har ya fid da rai, sannan ta yarda, ta ce saboda matarsa, ba don shi ba. Za ta ajiye kwanon ruwa a kan kabad. In ruwan ya motsa, magana ta ƙare.

Ya koma shago ya zauna ya yi tagumi. Idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar rediyo mai gurnani, wadda ya saba ɗora ta a kan guntun silifas don kada ta girgiza masa tebur. Ya miƙe tsaye.

Unguwa ba ta manta wannan makon ba. Gwangwani ya bi gida gida da buhu a kafaɗa yana tambayar silifas da suka tsinke ko suka rasa 'yan'uwansu. Mai shayi ya tambaye shi ko rediyon ce ta daina ci ya koma bola. Wanzami ya ce a yi masa addu'a. Kowa dai ya ba shi, don babu gidan da ba shi da marayan takalmi a bayan ƙofa. Ya yanka su ya jera hawa hawa, ya ɗora tsohon ƙyauren ƙofa a kai, ya sake jera wasu, ya ɗora wani katakon, sannan ya hau da gangunan da kujerar gaba ɗaya. Cikin zafin aiki har sabon silifas ɗin matarsa ya shiga, ta gane shi da kalarsa yana leƙowa daga ƙasan katako, ta ce za su yi maganar in an tsira da gidan.

Ranar gwaji, bayan azahar, matarsa ta sauka ta zauna kusa da Inna don ta zama shaida. Kwano na kan kabad, cike taf. A sama Gwangwani ya yi bismilla, ya fara a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Sai ya tuna in ya yi ha'inci yau, gobe asirinsa zai tonu. Ya rufe ido ya saki hannu da ƙafa.

A ƙasa mata biyu suka zuba wa kwano ido. Ruwa ko gezau. Aka jima, Inna ta gyara zama ta tambaya ko ya fara. Matar ta ce ya fara mana. Aka ƙara jimawa.

"Ƙarya yake yi," in ji Inna. "Yana can zaune ya naɗe hannu, yana jiran in ce ya ci. Ni za a yi wa wayo? Miƙo mini sandata."

Gwiwoyinta sun daɗe da sallama da matakala, amma haushi ya ba ta ƙarfi. Ta hau tana hutawa, tana mita, matar na riƙe da ita. Suka tura ƙofa.

Ga mutum a kan tulin silifas, ido rufe, baki buɗe, gumi na ɗiga daga gemu, yana dukan rariya da murafen tukwane iya ƙarfinsa, ƙafa na ta aiki, amma ba abin da ke tashi sai taf-taf kamar ana kakkaɓe matashi. Matar ta toshe baki da mayafi. Inna ta tsaya tana kallo, sannan ta zungure shi da sanda. Ya zabura har sanda ɗaya ta kuɓuce masa.

"Me kake ji a cikin abin nan? Ba ni."

Aka ja mata kujera, ya kifa mata hedifon a kan ɗankwali. Ya ɗan taɓa a tsorace.

"Ba wannan ba!" ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe. "Yi irin wanda ka hana ni barci da shi!"

Ya yi. Wannan karon shi ne ba ya jin komai, sai fuskarta yake kallo. Goshinta ya saki. Kan sandarta ya fara taɓa ƙasa yana bin kiɗan. Da ya tsaya, ta ɗaga hedifon daga kunne ɗaya, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ashe kiɗa ne," ta ce. "Ni duk shekarun nan ƙasansa kawai ke zuwa mini, dum-dum kamar ana rushe gini. Ashe ka iya, ɗan nan."

Gwangwani ya sunkuyar da kai. Tun yana yaro abin da yake ji shi ne bari, daina, ka ishe mu. Ba wanda ya taɓa ce masa ya iya. Daɗi ya kama shi har idonsa ya ciko, ya shiga laluben sandar da ta faɗi don kada a gani.

"To Inna, maganar makulli fa?" matarsa ta tambaya a hankali.

"Wane makulli? Ke, matsa, kina tare mini shi."

Ta mayar da hedifon kunnenta, ta gyara zama, ta ɗaga masa haɓa.

"Ci gaba."