Buhunan Goggo da zakkar Baba

Shekarun baya, tun waya ba ta iso garinmu na bakin kogi kusa da Abu Na'ama ba, mahaifina ya tafi aikin Hajji ana gama casar dawa. Gona biyu yake nomawa: tamu da ake ba ruwa da babur, wato injin ban-ruwa, da ta ƙanwarsa Goggo, wadda ruwan sama kaɗai ke shayarwa. Tun rasuwar mijinta shi yake noma mata. A gaggawar tafiya ya jibge dawar duka a ɗaki ɗaya, bai faɗa wa kowa rabon kowa ba.

Ba a jima ba Goggo ta zo da karo, wato amalanken jaki, ɗaukar nata. Ta ce rabi ne. Mahaifiyata ta ce bara ma buhu talatin gonar Goggo ta yi.

"Halas," in ji Goggo, "ku riƙe. In na ƙara taka gidan ga, ba ni ce ɗiyar ubana ba."

Mahaifiyata ta fashe da kuka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don matan nan a kwano ɗaya suke cin tuwo tun kafin a haife ni.

Ni lokacin ina sakandare, kuma a lissafi daga ƙasa ake fara neman sunana. Goggo ma “Sin da Sad” take kirana don tsokana, saboda haruffan Larabcin da take jin ina ambata kullum in ina fama da jabar, wato lissafin haruffa. Amma ranar sai na tuna yadda malaminmu ke cewa abu biyu da ba a sani ba, bayani biyu suke so. Na tambayi mahaifiyata abin da ta tabbata da shi. Ta ce buhu ɗari cif aka sauke, kuma Baba ya fitar da bakwai zakka, har ta lissafa gidajen da aka kai wa.

Murna ta kama ni. Kowa ya san Baba da zakka: gonar ruwan sama ɗaya cikin goma, ta babur ɗaya cikin ashirin, ba ya ƙari ba ya ragi. Na durƙusa na zana a ƙasa da tsinke. Sin buhunan Goggo, sad namu. Sin da sad sun yi ɗari. Ushirin sin, wato ɗaya cikin goma, da rabin ushirin sad sun yi bakwai. Na warware, na sake warwarewa don ban yarda da kaina ba. Arba'in da sittin.

Na tari Goggo a bakin ƙofa tana juya jakin.

"Ke da Allah matsa, mi kika sani?"

"Goggo, da duka na babur ne, zakka nawa?"

"Biyar."

"To ina biyu sunka hito? Kowane ashirin na gonarki na ƙara ɗaya."

Ta lanƙwasa yatsu, ta dube ni. "Arba'in kenan." Aka cire huɗun zakkarta, ta ɗauki talatin da shida tana ƙunƙuni, ta ce za mu ji daga bakin mai shi.

Ranar da Baba ya dawo, gida cike da ’yan taro, ko ruwa bai sha ba Goggo ta tare shi.

"Yaya, buhu nawa gonata tay yi?"

"Arba'in mana. Na hidda miki huɗu zakka. Lahiya?"

Goggo ta rangaɗa guɗa, ta rungume mahaifiyata, ta ɗaga hannuna sama a gaban maza da mata. Baba sai kallonmu yake, bai san me ake ciki ba.

Tun daga ranar na daina tsoron lissafin da ke zuwa da labari, don na gane mutane ne a cikinsa. Yau shi nake koyarwa a Wad Madani. Goggo kuwa har ta bar duniya ba ta daina kirana Sin da Sad ba, sai dai duk wanda ya yi dariya, ita ce ke fara tsawata masa.