Murhun Farfesa a Ƙarƙashin Ruwa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanwata Rakiya makwancinta a Wara. Mota ta kife da su a hanyar jami'a, tana riƙe da kwandon banda a cinya, tsarabar Farfesan da ke duba digirinta na uku. Haka al'adar take: ɗalibin da ya fito daga bakin tafkin Kainji ba ya shiga ofishin malaminsa hannu rabbana.

Bincikenta a kan hayaƙi ne, hayaƙin da mata masu bandar kifi ke shaƙa. Ba a littafi ta tsinci maganar ba. Innarmu mai banda ce, da tarinta muka tashi, da shi muke sanin gari ya waye. Rakiya kan rataya wa mata 'yar na'urar awon iska a kafaɗa, ta zauna tare da su a bukka har idanunta su yi jawur. Daga Yelwa har Shanga babu masayar kifin da ba ta taka ba. Burinta ɗaya ne: murhu mai bututu da zai fitar da hayaƙi sama, kafin ƙirjin Inna ya gama lalacewa.

Shi kuwa Farfesa, ban da banda a miyarsa babu abin da ya haɗa shi da ruwan nan. In ta kai babi, ya ce ta dawo bayan taro. In ta dawo, ya tafi wani taron. Kwandon ne kaɗai bai taɓa cewa a mayar a gyaro ba. Da ta rasu, ta'aziyya ma a waya ya yi, daga bisani aikinta ya fito da sunansa a gaba, nata can a ƙarshe cikin godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da Rakiya za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga an ba mutumin nan tallafi ya horar da sabbin daktoci a kan lafiyar ma'aikata da muhalli. Bara suka zo shi da ɗaliban nasa, mota uku, da hular rana da ruwan gora. Suka gina murhun da ta zana, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma sun zo ne lokacin da tafki ya ja baya, suka ga fili shimfiɗe a bakin ruwa, mai daɗin ɗaukar hoto, suka dasa shi a nan. Ko akuyar Ngaski ta san inda ruwa ke kaiwa in ya dawo. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma wa zai tambayi mai warin kifi? Aka yanka zare, aka yi tafi, aka koma birni tun kafin la'asar.

Da ruwa ya ciko, ya shanye murhun, bututun kaɗai ya bari a waje. Na kai Inna cikin kwalekwale ta gani. Ta daɗe tana kallo, tari ya sarƙe ta, da ya lafa ta ce, "To, kihi ya kai kanshi murhu. Wuta kaɗai ta rage musu."

Na yi dariya, wallahi, sannan na ji kamar in yi kuka. Ina jin ɗaliban sun kusa zama daktoci, Allah ya sanya alheri. Ni dai ba na ganin girman rigar da aka ɗinka da wahalar marigayiya.

Me ya saura na Rakiya? Ba ta samu digirin ba, sunanta bai hau bangon kowace jami'a ba. Amma matan masaya har gobe in hayaƙi ya turnuƙe sukan ce, "A buɗe bayan bukka, haka 'yar Inna ta ce." Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta. Inna kuwa yanzu a zaune take sallah, numfashi ba ya kai ta ruku'u.