Gyaɗar da Yaya Sale Ya Riƙe

Kakar bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sale, a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir. Ban yi boko mai nisa ba, kuma na gaji, don haka zan faɗi maganar yadda take.

Masu ilimi a rediyo suna cewa kasuwa ce ke yanke farashi: kaya in sun yi yawa su faɗi, in sun yi ƙaranci su tashi. Ban musa ba. Amma mu nan kasuwar tana da hula da babur, sunanta Ɗanbala, dillalin da ke saya wa manyan birni gyaɗa.

Yaya Sale ne ya fara ganewa. Ya ce duk kaka muna kwasar gyaɗa mu kai a lokaci guda, mu garin nan kaf, mai saye shi kaɗai, to wa zai faɗi kuɗi? Ya tara magidanta a ƙofar masallaci bayan la'asar, aka yi alkawari aka shafa fatiha: ba mai fitar da ko kwano ɗaya sai bazara.

Kuskurensa guda ne: maza ya tara. Duk mun manta cewa kowace mace a cikin gida tana da tata gyaɗar, ta 'yar gonarta da wadda ta tsinta a roro bayan an cire amfani. Ɗanbala bai manta ba. Ya tura wata tsohuwar dillaliya ta bi gida-gida tana saye kwano-kwano, har motarsa ta cika ta wuce ta gabanmu. Da maza suka ga haka, kowa ya zargi maƙwabcinsa da cin amana, kowa ya ruga ya sayar a wulaƙance.

Yaya kaɗai ya riƙe tasa. Ɗanbala ya hana dillalan wasu garuruwa taɓa ta har damina ta shigo, gyaɗar ta yi fumfuna. In ya wuce a babur sai ya rage gudu ya ce, “Sale, gyaɗar nan ta haihu kuwa?” Mutane su yi dariya, har waɗanda suka shafa fatihar. Hawan jini ya kwantar da Yaya, bai ga wata kakar ba.

Da yana nan yau, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Matarsa, Yaya Abu, tana fita takaba ta bi gidajen nan da dillaliya ta bi. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Mata suka haɗa adashe, a hankali suka sayi injin matsar mai. Yanzu su ke sayen gyaɗar mazansu, su fitar da mai da ƙuli. Bana Ɗanbala ko buhu bai samu ba, ubangidansa na birni kuwa ya ce in mota ta dawo wayam zai nemi wani dillalin.

Ranar Juma'ar da ta wuce Ɗanbala ya same ni a gona, har da cire hula. “Malam Hadi, don girman Allah ka yi wa matar yayanka magana. Ina da iyali.”

Liman ya sha ce mini yafiya ta fi. Na sani. Sale ma yana da iyali. Ban gaji haƙurinsa ba, ban gaji basirarsa ba. Basirar tana wajen Yaya Abu da injin da ke ƙara a zaurensa tun safe. Abin da na gada tambaya ce guda, na adana ta shekara bakwai ba ta yi fumfuna ba.

Na dubi motarsa da ke tsaye wayam a bakin titi, na dube shi.

“Ɗanbala,” na ce, “motar nan ta haihu kuwa?”