Ƙwan Zabin Baffa Sale

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da Baffa Sale, ƙanen babanmu, tsugune a bakin akurki, hannunsa a ƙarƙashin kazata. Kakata ce ta ba ni kazar nan tun tana 'yar tsako, ita kaɗai na mallaka a duniya ban da wandona na makaranta. Ta fara kwanci ke nan, ta kumbura tana saran hannunsa, shi kuwa sai cusa mata ƙwan zabi yake yi, waɗanda ya tsinto a gonarsa.

Kowa a garinmu ya san zabuwa ba ta iya raino ba, kaza ake ba wa ƙwanta. Amma kowa ya kuma san ba a haɗa su da na kaza rana ɗaya, domin na zabi ya fi daɗewa kafin ya fashe. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Kai, yaushe aka haife ka?" Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Baffanka ne, rufe mini baki." Shari'a ta ƙare ke nan.

Ni na sha wahalar kwancin nan. Kafin in tafi makaranta sai na zuba mata tsaki, na canza ruwan kasko, na barbaɗa toka saboda ƙuma, sannan in je in karɓi bulalar latti. Da yamma yara na can suna langa, ni ina gadin akurki kada guza ya shiga. Ranar da na ji ƙaramin kuka a ƙarƙashinta na kwanta rub da ciki na leƙa, ga ɗan baki ya huda ɓawo, ga wani ya fito jiƙe sharkaf, kafin la'asar ya bushe ya zama kamar auduga. Ko abinci ban ci ba don murna.

Washegari uwar ta miƙe, ta kaɗe jiki, ta ja 'ya'yanta waje, ta bar ƙwan zabin. Sai ga Baffa. Ya cafke ta ya mayar, ya kife mata kwando, ya ɗora dutse. 'Yan tsakin kuma ya tattara ya zuba mini a ƙwarya, wai, "Ga naka nan, ka ga ba a cuce ka ba."

Wallahi ba abin da ban yi ba. Na shimfiɗa musu tsumma kusa da murhu, na fasa suri na kwaso musu gara, na shafa musu galura saboda shirwa. Amma ni ba ni da fiffike, ga ruwa ana ta yi. Uwar na kira daga cikin kwando, suna amsawa daga cikin ƙwarya, ni ina tsakiya. Kullum da safe sai na fitar da gawa, har ƙwaryar ta koma wurin Inna aka ci gaba da damun fura a ciki. Zabin Baffa kuwa sun fito tas, kazata ta yi ta yawo da su tana yi musu tono, da suka yi ƙwari ya kwashe abinsa. Ko ɗaya bai ce ungo ba.

Yanzu ina Doha, direba ne a wani gida a unguwar Abu Hamour. Ni ke kai 'ya'yan kafil, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, makaranta, ni ke ɗauko su, na san mai amai a mota, na san wadda ba ta shiga sai na ce mata yalla, wato mu tafi, cikin wasa. Autata kuwa da na baro a goye, kwanan baya aka miƙa mata waya ta gaishe ni, ta kalle ni ta ɓuya a bayan uwarta. Da can 'yan tsakin nake tausayi, yanzu kiran kazar nan nake tunawa. Ita dai kife ta aka yi, ni da ƙafata na shiga.