Takalman Hagu na Yayana

Jiya na tsaya wurin wani mai faci a bakin tasha, warin robar da ya ɗora a wuta ya buge ni, nan take raina ya ɓaci. Bawan Allah bai yi mini komai ba. Warin ne ya mayar da ni rumfar kawuna a Magama, kuma duk ranar da na koma can a zuci, da fushi nake dawowa.

Kawu wan mahaifiyata ne, faci yake yi a bakin hanyar da ta nufi iyaka. Ina 'yar yarinya ni ke kai masa fura da hantsi, in zauna ina kallon 'yan mashin suna wucewa da buhunan gero da masara za su ƙetara Nijar. Kawu ba ya tambayar mutum yadda yake tuƙi. Tafin hannu yake ɗorawa a kan taya, ya shafa daga gefe zuwa gefe, sai ya gaya maka ko kai mai danne birki ne, ko mai karkata lodi. Wata rana ya kama hannuna ya ɗora.

"Shafa ki ji, ɗiyata. Tsakiya ya kamata ta fara cinyewa. In kin ji gefe guda ya suɗe, to akwai abin da ya karkace."

Tun daga ranar na zama fitinanniya. Ba mashin ɗin da zai tsaya a ƙofar gidanmu ban shafa tayarsa ba, har Inna ta gaji da wanke mini baƙin hannu.

Mahaifinmu ya rasu da wuri, don haka ƙanensa, Baffa, shi ne babban gida. Shi ya sayi mashin ya ba yayana yana jigilar kaya. Yaya a lokacin gemu bai gama fito masa ba, ga son a yaba. Samarin iyaka kuwa suna da wata banzar burga: in za su sha kwana a cikin rairayi da lodi, sai su sauke ƙafa ɗaya suna jan ta a ƙasa, silifa na tayar da ƙura. Wanda ya bar ƙafarsa a kan mataki, matsoraci sunansa. Kawu ya yi faɗa har ya gaji. Yakan ce ƙafa wurinta mataki, a rage gudu tun kafin kwana, gwiwa ta rungumi tanki. Su ce tsoho tuƙin keke yake koya musu. Yaya na cikin masu dariyar.

Da kaka ta yi, lodi ya ƙaru, shokozobar hagu ta baya ta fara zubar da mai. Ita ce ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye gargada. Kawu ya ce a canza su duka biyu, a daidaita taurinsu ya zo ɗaya. Baffa ya ce ya fi shi dabara. Ya kai wa mai walda aka like ta ta sandare, wai mashin ya daina durƙusawa in an ɗora buhu huɗu. Ya dawo yana washe baki, yana nuna wa mutane, har wasu suka ce su ma za su yi.

Ba a yi wata ba, wata safiya na shafa tayar baya. Gefen dama da zanensa. Gefen hagu kuwa sumul kamar bayan ƙwarya, har ina jin zare a yatsana. Baffa na zaune a zaure da abokansa suna shan koko, na durƙusa na ce, "Baffa, tayar Yaya ta suɗe ta hagu. Kawu ya ce in an ji haka..."

Bai bari na ƙarasa ba.

"Ke, tashi ki ba ni wuri! Yaushe mace ta san taya? Kawun naki in ya iya, me ya hana shi mallakar ko da keke?"

Zaure ya kwashe da dariya. Har yau ina jin ta a kunnena. Na juya wurin Yaya, yana ɗaure buhu da igiyar roba. Ya ja mini kunne cikin wasa ya ce in ya dawo zai kawo mini dabino. Na ruga rumfar Kawu ba ko takalmi, ya jefar da abin da ke hannunsa muka taho tare. Muka tarar da sawun taya kawai.

A bayan gari akwai wata kwana ta hagu a gindin marke, inda hanya ke gangarawa cikin rafi. Waɗanda suka gani sun ce Yaya ya shiga da gudu, ya sauke ƙafa yadda ya saba. Mashin ya daki tudu, ba abin da zai shanye, baya ya yi tsalle, suɗaɗɗen gefen ya sauka ya zame. Ƙafar hagun da ke ƙasa ita ta karɓi mashin da buhu huɗu.

Kawu ya ce a wuce asibitin Katsina. Baffa ya ce ɗori za a yi, shi ke da ɗa. Sai da ɗaki ya fara wari sannan ya yarda, kuma a can aka yanke ƙafar daga gwiwa. Masu zuwa jaje kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma na ga wanda ya tura mashin wurin mai walda, kuma da kunnena na ji an ce in tashi in ba da wuri. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Baffa haka a fuskarsa. Kawu kaɗai ya daina shiga zaurenmu, har ya koma ga Allah.

Yanzu Yaya ne a rumfar Kawu, sandarsa jingine da bango. Iyaka ta canza, a rufe yau a buɗe gobe, mashinan sun fi na da ƙarfi, hanyoyin dajin ma ba kowacce ake bi ba. Burgar ce kawai ba ta mutu ba. Da na je Sallar da ta wuce, wani saurayi ya sha kwana a gabanmu yana jan ƙafa. Yaya ya yunƙura ya daka masa tsawa, "Kai, ɗauke ƙafarka!" Saurayin ya waiwayo, ya dubi sandar, ya yi dariya ya wuce. Baffa ya tsufa, ido ya tafi. Ina durƙusawa in gaishe shi yadda aka koya mini, amma ban taɓa kai masa ko goro ba.

Takalmi ba a sayar da wari guda, Inna kuma ta hana a zubar da na hagu. A ƙarƙashin gadonta suke, a jere. Ran nan na jawo su ɗaya bayan ɗaya, na kifa su, na shafa da tafin hannu yadda Kawu ya koya mini. Zanen kowanne yana nan sabo fil.