Turaren Maƙabartar Yashe

Ban taɓa sakin jiki da itacen turare ba. A makarantar gandun daji da na yi a Ibadan an koya mana cewa yana da saurin girma, yana miƙewa sak, kuma in an sare shi yana sake tohowa. Abin da na gani da idona bayan na dawo gida shi ne yana shanye damshin ƙasa, gero ba ya yi a gindinsa, inuwarsa kuma ba ta zama ba ce. Har yau in manomi ya tambaye ni ko ya dasa shi a gona, sai na yi jim kafin in amsa. Amma duk lokacin da na tashi kushe shi, sai in tuna Kabo, mai haƙa kabari a Yashe, wanda ya rene shi cikin tukwane a tsakar gidansa.

Na san Kabo a bazarar 1974, wata biyar da turo ni Kankiya a matsayin malamin daji. Ni ɗan Kusada ne, amma shekara tara na yi a waje ina karatu. A kasuwar Kusada ne na ji ana cewa akwai wani tsoho a Yashe mai renon turare a gida, alhali rabin namu na gwamnati sun bushe a farin da aka yi bara. Na hau babur na tafi, ina zaton ƙari aka yi.

Ba a yi ƙari ba. Tukwane ashirin da uku ne jere ƙarƙashin rumfar zana, kowace da ɗan turare a ciki, tsayinsa ya kai ƙirjina. Tukwanen ruwa ne, masu faɗin ciki da ƙaramin baki, an huda gindin kowace da ƙusa. Kabo kuwa gajere ne, ya ba sittin baya, manomi, yana da ɗan lambun barkono a fadama. Haƙar kabari gado ya yi wajen ubansa, kuma ba a biyan shi.

Muna cikin gaisawa sai wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga. Sa'a ce, taubashiyarsa, gidanta na jikin nasa.

"Kabo, asirinka ya tonu," in ji ta. "Ga malamin daji ya zo tahiya da kai. Malam, ka haɗa da tukwanen, mu huta da warin maganin mura."

"Rabu da ita, Malam," Kabo ya ce. "Ita ke zuwa tsinkar ganyen in sanyi ya kama ta."

Na tambaye shi inda ya samu iri. Ya ce a Kankiya, gindin wasu manyan turare da ke bakin hanyar mota, ya tsinto 'ya'yan, ya shanya a faifai har suka buɗe. Irin kamar garin taba yake. Ya cika tukwanen da yashi da ruɓaɓɓen taki, ya barbaɗa, yana tsoma tsintsiya a ruwa yana yarfawa don kada irin ya nutse. Da suka tsiro ya bar ɗaya ɗaya. Gara kuwa da toka ya kore ta.

"Ruwa fa? Bara rijiyoyin nan ai sun ƙafe."

Daidai nan aka kira azahar. Ya ɗauko buta, ya durƙusa gaban wata tukunya, ya yi alwala a kanta. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Da ya gama ya ɗauki wani ɗan tsakuwa ya ɗora a bakin tukunya ta gaba, alamar ita ke da la'asar. Ya miƙo mini butar, ya nuna mini wata. Haka ya raya su shekara guda, da ruwan alwalarsa da na duk baƙon da ya shigo, da ɗan abin da ya rage na wanke hatsi daga gidan Sa'a.

Sa'a ce ta gaya mini dalili, don shi bai iya faɗa ba. Matarsa Zinariya maginiyar tukwane ce. Ta rasu a ranin 1972. A al'ada, in an sa gawa a ƙaramin ramin kabari, sai a jera itace masu ƙwari a kai, a shimfiɗa ganye, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. A lokacin dajin da ke kusa da gari ya zama gonakin gyaɗa, wanda ya rage kuwa gandu ne, doka ta hana sara. Ranar da aka rufe ta ba a samu itacen kirki ba, sai kara da siraran rassan sabara. Da ruwan farko ya sauka, kabarin ya rufta. Kabo da kansa ya je ya gyara, bai bari kowa ya bi shi ba. Daga nan ya ƙudura zai kewaye maƙabartar da itacen da za a riƙa sara yana tohowa, don kada a sake rufe wani ɗan Yashe da kara. Tukwanen nan kuwa su ne gashin ƙarshe da Zinariya ta yi, ba ta kai ga fita da su kasuwa ba.

Ni ne kuwa mai tsaron wancan gandun yanzu.

Sai na duba tsiron da kyau. Ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa yana zuba. Na sa yatsa a bakin wata tukunya, ban ji ƙasa ba, sai saiwa cunkus. Kabo ya yi niyyar cire su ne suna ƙanana, kamar yadda yake cire dashen barkono, ya kai maƙabarta a daminar 1973. Damina ba ta zo ba. Suka ƙara shekara a ciki, saiwar ta cika cikin tukunya, bakin kuma ya yi mata kaɗan.

"Baba," na ce, "in ba a dasa su a daminar bana ba, za su mutu. Kuma ba za su fito ta baki ba. Sai an fasa tukwanen."

"A hwasa?"

"A fasa."

"A'a, Malam. Za su hito. In an jiƙa su sosai za su hito."

Bayan mako biyu na koma. Na tarar da tukunya ɗaya wayam, tsironta na jingine da danga ya bushe. Ya jiƙa shi, ya ja, saiwar ta tsinke ta bar rabi a ciki. Na yi masa bayanin da aka yi mini a aji, har da zane a ƙasa. Ya saurara cikin ladabi, ya ce Allah shi yi albarka, amma bai taɓa tukwanen ba. Na kawo masa shawarar in ba shi sababbin tsiro na leda daga namu. Ya ce waɗannan ya yi wa alkawari.

Sa'a ba ta da irin haƙurina.

"Kai dai tun muna yara haka kake," ta ce. "Tukunya ce hwa, Kabo, ba mutum ba. Da mai su na nan, da ta bi ka da muciya."

"Da ta bi ki dai, mai bakin tsiya."

"To zauna. Su mutu, ka samu tukwane ashirin da uku na zuba kuka."

Ruwa ya sauka sosai a farkon Yuli. Na je sau biyu, ƙasa ta jiƙu har kamu uku, tukwanen na nan inda suke. A mako na uku aka yi rasuwa a garin, wani dattijo mai suna Dauda. Na halarci jana'izar. Na ga Kabo a cikin rami ana miƙa masa kara yana jerawa, yana ninkawa biyu biyu, yana dannawa da tafin hannu don ya ji ko za su ɗauka.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar an kwashe tukwanen a kan jakuna zuwa maƙabarta, ya riga ya haƙa ramuka ashirin da biyu ta gabas da arewa. Na ɗauki dutse zan taya shi, ya ce in bari. Yakan sa tukunya a bakin rami, ya yi bisimilla, ya buga ta da ƙotar fartanya sau ɗaya a ciki, ta rabe. Saiwar ta fito a naɗe da siffar tukunyar. Aikina shi ne in tsaga ta da wuƙa ta gefe huɗu don ta miƙe cikin ƙasa. Shi kuma ya dasa, ya tattara gutsattsarin tukunyar ya kife a gindin don ta riƙe damshi. Sa'a na tsaye daga nesa, wajen iyakar maƙabarta, ranar ba ta yi tsokana ba. Kafin azahar mun gama.

Shida sun mutu a ranin farko, iska ta kayar da biyu, kamar yadda na ji tsoro. Goma sha huɗu suka kama. A shekara ta biyar aka fara saran su, kuma ba a sara sai don kabari. Kowane kututture ya fito da toho uku ko huɗu.

Ganina na ƙarshe da Kabo a 1980 ne, kafin a mayar da ni wani gari. Muna zaune a bakin maƙabartar, ƙarfinsa ya ragu, ya bar haƙa sai nuni. A raina na daɗe ina ɗauka bayanina ne ya ratsa shi daga baya, ko kuwa jana'izar Dauda. Sai na tambaya.

"Baba, me ya sa ka yarda ka fasa su a ƙarshe?"

Ya daɗe yana murza wani ganye a hannu.

"Da na dawo daga rufe Dauda, na shiga ɗakin marigayiya neman igiya, sai na ga dutsen da take daka da shi. Ita in za ta yi sabon gini, tsohuwar tukunya take hwasawa, ta dake ta, ta zuba cikin yumɓu, wai shi ke hana sabuwa tsagewa a wuta. Shekara talatin ina ganin haka, Malam. Ban taɓa ganin ta tsaya kallon wadda za ta hwasa ba."